Shafin Hotunan Nahúm

Nahúm Espinal ya daɗe yana ɗaukar hoto a garin Gracias. Biki ne, baftisma ce, wasan ƙwallon unguwa ne, sai ka gan shi a gefe da kyamara rataye a wuya. Amma duk aikin nan nasa bai wuce cikin wata tsohuwar kwamfuta da bangon falon mutane ba. Da ya ji ƙungiyar manoman gahawa na neman wanda zai ɗauki hotunan girbi saboda masu saye na ƙasashen waje, ya goge takalminsa ya tafi ofishinsu.

Doña Orbelina, wadda ke riƙe da ofishin, ta ba shi kujera ta ce, "Nahúm, ni na san hannunka, ai kai ka ɗauki hotunan auren 'yata. Masu sayen ne ba su san ka ba. Shafin intanet suke so, su latsa su gani da idonsu. Ka kawo mini adireshi kafin a fara tsinka."

Daga nan bai zame ko'ina ba sai shagon Ovidio mai gyaran waya, a bakin kasuwa. Tare suka taso, kuma shi ya tsaya wa Marleny, 'yar Nahúm, ranar baftismarta.

"Shafi? Kai da ko saƙo sai ka yi ta neman haruffa?" Ovidio ya ture wata waya da ya farke cikinta gefe. "Zauna, mutumina. Na kyauta sun fi ƙuda yawa."

Suka fara da wanda ya fi kyau a ido. Hotuna na ta sulɓewa ɗaya bayan ɗaya, har Nahúm ya ji kamar ba nasa ba. Suka ɗora hoton wata amarya a ƙofar coci. Sai ga talla ta faɗo daidai saman kanta: wata mata ce tana murmushi da waya a hannu, an rubuta a ƙasa, aika kuɗi gida daga Sifen, yanzu-yanzu.

Nahúm ya ɗauke kai ya dubi titi. Ovidio ya rufe shafin.

Suyapa, matar Nahúm, tana can Sifen, a wani gari da ake kira Girona, tana jinyar wata tsohuwa. Lokacin da ta tafi Marleny na firamare, yanzu kuwa ta kusa kamo uwarta a tsawo. Da farko an ce shekara biyu za ta yi. Daga baya aka ce sai takardun zama sun fito, don in ta fita babu su, ba za ta iya komawa ba.

Shafi na biyu da suka gwada babu talla, shi ma kyauta ne, sai dai hotuna kaɗan yake ɗauka, kuma yana matse su don su buɗe da sauri. Akwai wani kuma da ake biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba duk wata, amma fuskarsa fayau take, fari da baƙi, babu wani ado.

"Ɗauki na biyun ka huta," in ji Ovidio. "Masu sayen gahawa ba su da lokacin ƙirga gashin girar amarya."

"Bari dai in ji ta bakin Suyapa."

"To fa! Tana bayan teku, amma ita ke zaɓa maka wando. Allah ya ba mu irin taka."

Lahadi ce ranar hutun Suyapa. Nahúm ya gama karyawa da wake da tortilla, wainar masara, ya jingina wayar da kwalbar sukari a kan tebur. A can yamma ta riga ta yi. Tana zaune a kan benci a bakin kogi, ta naɗe wuya da mayafi, iska na kaɗa mata gashi.

"Tsoho, ka rame," ta ce.

"Wayar ce ke rage ni. Na tura miki adireshi biyu, na kyautar da na biyan, ki duba ki gaya mini wanda ya fi."

Fuskarta ta ɓace daga allon, sai muryarta kawai. Ya ji ta tana cewa wannan ya yi kyau, wannan ai jikar Don Chilo na unguwarsu ce, ashe ta yi aure. Can sai ta yi shiru.

"Kina nan?"

"Ina nan. Nahúm, a bayan amaryar nan, ba kwanar layinmu ba ce? Shagon wa ne mai shuɗin fenti?"

"Na Don Chilo mana. Tun bara ya sake fenti."

"Ba ka gaya mini ba."

Wa zai kira Sifen ya ba da labarin fenti?

"A na farkon nan in na ja hoton don in gani kusa, sai komai ya dagule," ta ce. "A ɗayan kuwa ina gani sarai. Ga ƙofarmu can a ƙarshe. Ga wani abu ja a kan igiya."

"Rigar makarantar Marleny ce, ta wasanni."

Fuskarta ta dawo. Hancinta ya yi ja, ta ce sanyi ne.

"Hotunanka sun yi kyau, tsoho. Amma duk bikin mutane ne. Ni ma abin da kake turo mini ke nan, Marleny ta yi kwalliya ta tsaya ƙiƙam tana murmushi. Kuma wayata cika take yi, sai in zauna ina zaɓen wanda zan goge. Ka san yadda ake ji a goge fuskar ɗa don a samu wuri?" Ta goge hanci. "Ni kicin ɗina nake son gani. Wurin wanki. Hannun Mama tana murza masara. Ko yaya suka koma."

Washegari ya koma wurin Ovidio ya tambaye shi ko a cikin shafukan akwai mai ɗaki na daban, wanda ba kowa zai shiga ba. Ovidio ya bincika ya ce mai fari da baƙin nan yana da shi, ana kulle shi da kalmar sirri.

"Shi nake so."

"Mummunan? Ga na kyauta ka tsallake ka ɗauki na biya?" Ya dube shi ta saman tabarau, ya daɗe yana dubansa, sannan ya jawo kwamfutar. "Kawo hotunan. Amma kada ka sa nawa, tumbina ya fito."

A gaban shafin suka jera bukukuwa da kasuwa da dutsen Celaque cikin gajimare. Doña Orbelina ta tura adireshin. Amsa ta ɗan jima, da ta zo aka ce an raba aikin biyu, shi zai ɗauki gonakin kan tudu, wani daga babban birni ya ɗauki masana'anta. Nahúm ya yi murna da hakan.

Ɗakin da ke kulle kuwa, shi ya fi cin lokacinsa. Mutumin da ya saba jiran haske ya daidaita, ya ce wa mutane ku matso, ku ɗaga haɓa, yanzu ya koma ɗaukar tukunya a kan murhu. Ya ɗauki Marleny ta baya tana taje gashi tana mita. Ya ɗauki surukarsa tana gyangyaɗi a kujera, kaza a ƙarƙashinta. Ya ɗauki tsagin da ya fito a bangon bayan gida, har ya so ya goge, sai ya bar shi. Wani lokaci yana cikin dubawa ta kyamara sai ya ji kamar idonta ne ya ara, gidan ya zame masa baƙo, ya ga kujerarta a kicin an ɗora mata buhun masara. Wannan kam sai da ya sauke buhun kafin ya ɗauka.

Girbi ya kankama a watan Disamba. Yakan hau tudu da sassafe a bayan motar masu tsinka, ya dawo da laka har gwiwa. Lahadin da ta zo kafin Kirsimeti, Suyapa ta kira daga cikin ɗaki, don ana ruwa a can.

"Na ga tsagin bangon," ta ce. "Ka kira Ovidio ku toshe shi kafin damina, kada ka ce sai na dawo."

"To, ranki ya daɗe."

Ta yi dariya. Ta ce yanzu da tsohuwar da take jinya suke kallo. Tsohuwar ba ta riƙe komai a ka, ko 'ya'yanta wani lokaci ba ta ganewa, amma tana son hoton kazar nan. Kullum sai ta nuna allon ta ce, wannan gidan wa ne?

"Sai ki ce me?"

"Sai in ce nawa ne. Jim kaɗan ta sake tambaya, in sake faɗa. Ba na gajiya."

Nahúm ya juya kofin da ke gabansa. "Lauyan takardun naki fa? Ya ce wani abu?"

"Ya ce a ƙara haƙuri. Wataƙila bayan bikin Ista." Ta kalli gefe, kamar an kira ta. "Ranar jajiberen Kirsimeti ka ɗauki Mama tana naɗe ƙullun masara a ganye don tamales. Kada ka ce mata ta gyara zama. Ka bar ta yadda take."

Ya ce zai ɗauka. Aka kira ta da gaske a wannan karon, wata siririyar murya daga ɗaya ɗakin. Ta ɗaga masa hannu, allon ya yi duhu. Ya ɗan zauna a wurin, yana jin Marleny na waƙa a bakin famfo, sannan ya tashi ya shiga ɗaki ya sa batirin kyamara a caji.