Sunan da Tasalla Ba Ta Kira

A shekarar da aka yanke layukan waya a Batsari da Safana saboda ɓarayin daji, Tasalla ta yi rashin mijinta karo na biyu. Na farko a Ruma ne, ranar da aka kore garkensu, ya bi sawu bai dawo ba. Na biyun kuwa ranar da wayar maƙwabciyarta ta yi shiru.

Ga yadda abin yake. Tun ana zaman lafiya, wani malamin makaranta, Malam Abdulgaffar, ya bi ƙauyuka yana ɗaukar muryoyin mutane, masu waƙar daka da masu kiran shanu, ya zuba a shafin intanet na ƙungiyarsu don kada su ɓace. A ciki har da mijin Tasalla yana kiran shanunsa. Da ta gudo Batsari, maƙwabciyarta Uwani kan latsa mata ta saurara. Da layi ya ɗauke, muryar ta maƙale inda take kwana, cikin wata na'ura a ɗan ɗaki bayan makarantar Malam a Safana.

To Tasalla ba mai zaman jira ba ce. Duk sanda ta samu a-kori-kura sai ta haye bisa buhunan gero, ta nufi Safana. Malam na ganinta ya san abin da ya kawo ta, ba ya tambaya, sai ya kunna. Muryar da "Na'am" take farawa, don Malam ya kira shi ne sannan ya danna, kiran bai shiga ba, amsar kaɗai ta shiga. Sai ɗan tari, sai kuma kiran shanun, Wule, Saye, Ɓale, yana jan kowane suna kamar ba ya son rabuwa da shi.

Sunansa kuwa, kada ku tambaye ni tukuna. Tasalla Bafulatana ce ta gaske, tun da aka kai ta ɗakinsa har furfura ta rufe mata kai, sunan bai taɓa hawa harshenta ba. "Shi" take cewa, kowa ya gane. Kunya ce irin tasu, kuma ita ta riƙe ta da hannu biyu.

Wata rana a ƙarshen damina ta iso, ta tarar ba Malam. An yi masa canjin wurin aiki zuwa Katsina. A kujerarsa wata matashiya ce, Zulaihat, sabuwar malamar kwamfuta, ta buɗe cikin na'urar tana leƙe, gumi har haɓa. Ta durƙusa ta gaida Tasalla, aka tambayi hanya da gajiya da mutanen Batsari da ƙarin haƙuri, sannan Tasalla ta ce ta zo jin murya.

"Inna, yau sai an yi haƙuri," in ji Zulaihat. "Cikin na'urar nan faifai biyu ne, tagwaye. Duk abin da aka rubuta a wannan, nan take ake rubuta shi a wancan, don in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe. To ɗaya ya mutu. Na sa sabo, yanzu yana kwafar komai daga tsohon. Shi kuma tsohon, ji yadda yake ƙas-ƙas. In ya tsaya kafin a gama, abin da bai haye ba ya tafi."

Tasalla ta kasa kunne. Tsoro ya kama ta sosai, amma ba ta nuna ba.

"Maraya kika ɗora wa tsohuwar saniya ke nan," ta ce. "To ɗiyata, ba a hayaniya kusa da su. Me ke damunta?"

"Zafi, Inna. Ga hadari ya rufe rana, solar ba ta ja, batir na sauka. Na kashe fanka don ya kai mu."

Tasalla ta zaro mafici daga ƙullinta, ta zauna a ƙasa jikin na'urar, ta fara fifita.

Haka suka zauna. Ƙaramar fitila kore tana ƙyaftawa, iska na kawo ƙanshin ƙasa ta taga, tsohon faifan na ƙas-ƙas kamar kofato bisa tsakuwa. Hannun Tasalla na kai da komo, idonta ya yi nauyi. Sai ta ga rafin bayan rugarsu a Ruma ya cika, ruwa ja, ga garken nan cif a waccan gaɓa, babu wadda aka sata. Suna shiga ruwan ɗaya bayan ɗaya, ƙahoni a sama. A tsakaninsu matan ƙauye ne da turamensu a ka, suna waƙa a hankali, har da waɗanda ta san an binne. Shi kuma yana can baya da sanda bisa kafaɗu, yana jiran ta ƙarshe ta shiga, don bai taɓa haye ruwa kafin shanunsa ba. Halinsa ke nan, mai taurin kai. Ta so ta ce masa ya yi sauri, ruwa na ƙaruwa, amma da wane suna za ta kira shi?

Kiran sallar la'asar ne ya farkar da ita. Maficin na cinyarta, ɗakin shiru, ƙas-ƙas ɗin ya ɗauke.

"Ya tsaya, Inna," in ji Zulaihat. "Bai gama ba. Na leƙa sabon, wasu sun haye, wasu ba su haye ba. Malam da sunayen masu muryoyin ya ajiye su. Ki faɗa mini sunan, in duba."

"Mai kiran shanu ne, daga Ruma."

"Masu kiran shanun Ruma suna da yawa, kuma batirin ba zai kai mu bi su duka ba. Ba layi balle in kira Malam."

"Uban su Bushira."

Zulaihat ta rubuta Bushira, babu komai. Sai ta ɗago ta kalli tsohuwar, ta gane, kunya ta kama ta ita ma. Ta sunkuyar da kai, ta ɗora yatsunta bisa maɓallan, ta jira. Can bakin titi mai a-kori-kura ya fara danna hon, don ba mai bin hanyar Batsari in rana ta yi ƙasa.

Tasalla ta ja mayafinta ta rufe fuska duka, kamar ranar da aka kawo ta ɗakinsa tana amarya. Ta juya ta fuskanci bango. Leɓɓanta suka motsa, sauti bai fito ba. Ta sake gwadawa.

"Yero," ta ce.

Zulaihat ta rubuta, ta danna. Na'urar ta ɗan yi jim, lasifikar ta yi ƙaraf.

"Na'am," in ji shi.