Ranar da Na'ura Ta Jera Kujeru

Shekara talatin da ɗaya Mai Kujeru ya yi yana jera katin suna a kan dogon teburin ɗakin taron kamfanin, kuma ba a taɓa cewa ya zaunar da wani inda bai dace ba. A takarda jami'in karɓar baƙi ne, amma daga masu gadi har daraktoci da wannan laƙabi suke kiransa. Ya san wanda ba ya ji da kunnen hagu, ya san biyun da in kafaɗunsu suka haɗu taro ya watse. Saura mako guda ya yi ritaya, kuma da wannan suna yake so ya fita.

Ranar Litinin da yamma Injiniya ta same shi yana goge katunan. Ita ke jagorantar sabon dandalin sada zumunta da kamfanin zai buɗe. Kamfanin ya daɗe da mamaye harkar wasiƙun intanet, shi ya sa Daraktan Talla ya kawo shawarar a wayi gari a zuba duk masu akwatin wasiƙa cikin dandalin, na'ura ta haɗa kowa da waɗanda ya fi rubuta wa a matsayin abokansa, a baje jerin kowa ya gani.

"Baba, gobe za su kaɗa ƙuri'a," in ji ta. "Shafi arba'in na rubuta musu, babu wanda ya wuce na uku. In suka amince, ba da hannuna ba, aikin zan ajiye."

"Shekarar da aka sauya labulen ɗakin nan ma shafi arba'in aka rubuta," ya ce. "Wannan takardar ta hannunki fa?"

"Gwaji ne muka yi da akwatunan daraktocin, da izininsu. Abokan da na'ura ta zaɓa wa kowa ne."

Ya sa tabarau ya karanta a tsanake. Da ya kai layi na biyu ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Bar mini ita, 'yata."

"Me za ka yi da ita?"

"Aikina."

Ƙarfe goma na safiyar Talata daraktoci suka shigo, kowa yana leƙen sunansa. Shugaba ya iske katinsa a inda ya saba, amma a damansa Lauyan kamfani ne, wanda rabon da su gaisa baki da baki shekara biyu ke nan, sai dai wasiƙa. A hagunsa Daraktan Talla. Mataimakin Shugaba kuwa, wanda tare suka kafa kamfanin a wani ɗan shago, yana can ƙarshen tebur, gindin ƙofa.

Mai Kujeru ya tsaya a wurinsa, hannu a baya.

"Wa ya jera teburin nan?" in ji Shugaba.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Jerin na'urar sabon dandali na bi, ban ƙara ba, ban rage ba."

Mataimaki ya ɗago katinsa daga can nesa. "To ni mene ne laifina, aka kawo ni bakin ƙofa kamar mai jiran sallama?"

"Yallaɓai, wasiƙa biyu ka rubuta wa Shugaba a bana. Na'ura ta ce ba ku san juna ba."

"Taku goma ne tsakanin ofishina da nasa. Me zan rubuta masa?"

"Ni ɗari huɗu da goma sha ɗaya," in ji Lauya, bai ko ɗaga kai ba. "Ashe aminai muke ban sani ba."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Shugaba bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, wannan wasa ne," in ji Daraktan Talla. "Abokan gasarmu sun riga mu da shekara goma. Dandalin da babu mutane kango ne."

Injiniya ta miƙe. "A nan mutum goma sha biyu ne suka gani, kuma ƙofa a rufe take. A can, matar da ta fi rubuta wa likitanta ko lauyanta, duniya ce za ta gani."

Shugaba ya daɗe yana juya katinsa a hannu, sannan ya dubi bakin ƙofa. "Dattijo, kai da ka fara aiki, wa ya ba ka jeri?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe. Wata shida ban ajiye kati ko ɗaya ba. Nan nake tsayawa ina kallon wa yake jan kujera kusa da wa. Wanda na gada ma haka ya yi."

Shugaba ya tashi da katinsa, ya bi tsawon teburin har ƙarshe, ya ja kujera kusa da Mataimaki ya zauna.

"Ka ɓata tarihinka yau, dattijo."

"Sau ɗaya, ranka ya daɗe, kuma ina sane."

"Injiniya," in ji Shugaba, "buɗe mana shafi na huɗu."

Da aka kaɗa ƙuri'a, bakwai da biyar aka tashi. Za a buɗe dandalin babu kowa a ciki, wanda ya ga dama ya shigo, ya gayyaci wanda yake so.

Bayan wata biyu Mai Kujeru yana zaune a barandar gidansa, wayarsa ta yi ƙara. Sabon dandalin ne, fili fari fes, sai gayyata ƙwaya ɗaya daga Injiniya, da rubutu a ƙasa: "Baba, na ja maka kujera."

Ya karanta sau biyu, ya mayar da wayar aljihu. A iya saninsa, mutumin kirki ba ya amsa gayyata a ranar da ta iso. Ya dai leƙa ciki ya ce wa mai ɗakinsa ta tuna masa da safe.