Kifin da Datti Ya Ji a Ikko

Tun da Datti ya dawo Toranke daga Ikko, inda ya bi fataken kanwa ya daɗe, bakinsa bai huta da zancen wani kifi ba. Ƙanwarsa Larai ce kaɗai ke saurarensa har ƙarshe.

Cewa yake ruwan can ba a hango ɗaya gaɓarsa, ga gishiri har ba ya shayuwa. A inda kogi ke zubawa cikinsa, ƙasan duk taɓo ne, nan wani kifi mai farin ɓawo yake zama yana cin ƙananan kifaye. Akwai jakar iska a cikinsa wadda tsokar jikinsa ke kaɗawa kamar ganga. Lokacin zuba ƙwai in sun taru, masunta kan ɗora kunne a ƙasan kwalekwale su ji gurnaninsu kafin su jefa koma. In Datti ya zo nan, sai ya kwanta ya manna kunne da ƙasa, yana kwaikwayon kukan.

Kwanciyar nan ce ta jawo masa. Mutanen da suka san gishiri a kan raƙumi yake zuwa, kifin kududdufinsu kuma bai taɓa cewa uffan ba, suka ce iskokin ruwa ne suka taɓa shi. Aka yi hayaƙi, aka ba shi rubutu, bai fasa ba. Baffa Inuwa, babban gidansu, ya sa aka saro gungume aka huda gurbin ƙafa, don a sa shi a turu irin na mahaukata. Da Larai ta ga turun a zaure, sai ta fita neman Datti.

Ta same shi a gona yana noma.

"Yaya, ka ce musu ƙarya ka yi."

"Ke ma ba ki yarda ba?"

"Na yarda. Amma ni Baffa ba zai tambaye ni ba."

Ya saɓa fartanyarsa, suka koma gida.

Bayan la'asar, a gaban dattawa, Datti ya ce shi ya ƙirƙiri labarin don a riƙa kewaye shi. Aka yi dariya, wani ya ce dama matafiya haka suke. Baffa ya sa aka faskara gungumen aka kai madafa.

Da Larai ta kai masa tuwo, sai ta durƙusa ta tambaye shi a hankali ko kifin yana da gashin baki kamar tarwaɗa. Ya jawo akushin gabansa, bai ɗago ba.

"Wane kifi?"