Wata Shida a Kan Takarda

Kwananta uku da kama aiki a ɗakin gwaji na kamfanin lemon kwalba, Oga ya bar Auta ita kaɗai da tukunyar tururi.

"An kira ni taro a sama," ya ce, yana cire safar hannu. "Na jera kwalaben gwaji a ciki, na kunna. In ta gama ki sauke mana. Ai ke wannan tsohuwar sana'arki ce."

"To, Oga," in ji Auta. Ya fita yana fito.

Tukunyar tana kusurwar ɗakin, ƙarfe ce zalla, tsayinta ya kai ƙugun mutum. Murfinta mai kauri ne, an ɗaure shi da kusoshi shida masu kunnuwa, a samansa kuma akwai ɗan agogo mai allura ɗaya. Aikinta ta turara kwalabe da zafin da ba ƙwayar cutar da za ta sha, kafin a zuba lemon da za a gwada. Auta ta san wannan sarai, har ta taɓa cin maki tara cikin goma a kansa a jarrabawa. Abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta shi ne ta ɗora hannu a kan murfin.

Ga yadda aka yi. Shekara biyu da gama jami'a tana zaune a gida, ta aika takardun neman aiki har ta daina lissafi, ko "mun gani" ba wanda ya ce mata. Sai yayanta ya ɗauke ta ya kai ta ofishin ba da shawara kan aiki na tsohuwar jami'arta, wurin wata mata da ɗalibai ke kira Anti Jan Biro. Allah na gani, matar ba muguwa ba ce. Ta raba mutane da yawa da zaman banza, kuma ko ruwan sanyi ba ta karɓa. Sai dai in ta ga takarda hannunta ƙaiƙayi yake yi.

Ta karanta takardar da Auta ta jera karatunta da abin da ta iya, ta tsaya a layin horon wata shida da aka tura su wani asibiti suna aji uku.

"Mene ne wannan? 'Na kalli yadda ake aiki da tukunyar tururi.' Ƙanwata, kallo kika je yi? Wa zai ɗauki 'yar kallo aiki?"

"Anti, ai ba a barin ɗalibai su taɓa ta. Kwalabe muke wankewa."

"Kina ɗakin ko ba kya ɗakin?"

"Ina ɗakin."

"Shi ke nan." Jan biro ya bi ta kan layin. "Rubuta: na gudanar da aikin tukunyar tururi na tsawon wata shida. Kowa haka yake yi. In kin shiga kya koya."

Sati uku bayan nan aka kira ta. A wurin ganawa Oga ya ɗora yatsa a kan layin nan daidai, ya ce wa na kusa da shi, "Ga wadda ba sai na koya wa ba." Ranar da aka ba ta aikin, Mama har rawa ta taka a tsakar gida, ta kira 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya har wayarta ta mutu. Baba kuwa da safe ya goge wa Auta takalmi da hannunsa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. To, da wane bakin za ta ce wa Oga ba ta iya ba? Ranar farko ta ce sai gobe, gobe ta yi ta ce sai ta ga fuska.

Yanzu ga ta ga tukunya. Tururi yana huci ta wani ɗan bututu, allurar agogon ta haye can sama ta tsaya. Auta ta laluba aljihun farar rigarta, ta tuna wayarta tana lokar ajiye kaya a bakin ƙofa, don dokar ɗakin ce ba a shiga da ita. A bango akwai takardar bayani, amma tururin shekaru ya cinye rubutun, ba abin da ya rage sai lamba ɗaya zuwa bakwai da sa hannun wani.

Can sai ƙararrawar tukunyar ta ɗauka, 'yar fitilar da ke jikin tukunyar ta mutu. Ta gama ke nan. Amma allurar ba ta sauko ba, sai ɗan rawa take yi. A buɗe yanzu ne, ko a jira? In jira ne, har yaushe? Ta tuna wani malaminsu ya taɓa yin maganar a aji, ta tuna har rigar da ya sa ranar, amma abin da ya faɗa ya ɓace mata ƙaf.  Tsoro take ji iri biyu: na ƙarfen da ke huci a gabanta, da na komawa gida da tsakar rana ta haɗa ido da Baba.

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Manajan sashen cika kwalba ne, mutum mai gajeren wuya da gajeren haƙuri.

"Ina ogan naki?"

"Yana taro, ranka ya daɗe."

"Taro! Motoci uku na tsaye suna jiran sakamakon gwaji, shi yana shan shayi. Ba ƙarar tukunya na ji ba? Sauke kwalaben ki fara."

"Ranka ya daɗe, ina ganin a ɗan jira."

"A jira me? Ba ke ce aka ce gwana ba? Buɗe, malama."

Ta matsa. Zafin ƙarfen ya bugi fuskarta tun kafin ta kai hannu. Ta kama kunnen kusa ta farko ta cikin safa, ta murɗa kaɗan. Wani siririn tururi ya fito da tsuwa ta gefen murfin, ta saki ta yi baya har ta bugi tebur.

"Kai, mata da tsoro," in ji Manaja. Ya naɗe hannun riga. "Kauce. Wanne ake fara kwancewa? Wannan?"

Ya sunkuya, fuskarsa daidai saman murfin, ya kama kusa ta biyu. Auta ta ga wuyansa, ta ga allurar da ke can sama har yanzu. Ba ta san amsar tambayarsa ba, amma ta san in ta yi shiru zai ɗauka ta ce e.

"Kar ka taɓa!" Ihun ya fito da ƙarfin da bai dace da ma'aikaciyar kwana uku ba. "Don Allah kar ka taɓa. Ban iya ba. Ban taɓa buɗe ta ba, ko sau ɗaya. Abin da ke takardata ba gaskiya ba ne."

Manaja ya ɗago a hankali. A bakin ƙofa Oga ne tsaye, da littafin taro a hannu. Bai kalli kowa ba, agogon tukunyar ya kalla. Ya tako da sauri ya ture Manaja gefe, ya mayar da kusar da Auta ta sassauta ya ɗaure tam.

"Da kun kwance uku," ya ce, "da yanzu ana neman fatar fuskarku a silin."

Manaja ya shafa fuskarsa. Da tsoron ya sake shi sai fushi ya maye gurbinsa. Ya ce kamfani ba ya ajiye mai takardar ƙarya, doka ce a rubuce, ta je ta miƙa katin shiga kafin a tashi. Ya fita ya bugo ƙofa.

Auta ta fara ɓalle maɓallan farar rigar.

"Bar rigar tukuna," in ji Oga. Muryarsa ba faɗa a ciki, kuma wannan ya fi yi mata ciwo. "Maganar Manaja ba zan iya tayar da ita ba. Amma zo nan."

Suka tsaya tare suna kallon allurar tana saukowa, har ta kwanta a kan sifiri. Ya nuna mata ɗan famfon da ake buɗewa sauran tururi ya fice. Ya ce ta kwance kusoshin biyu-biyu, kowace da wadda ke fuskantarta. Ya ce ta tsaya a gefe, ta ɗaga murfin ta yadda bakinsa zai kalli bango. Ta yi. Tururi mai laushi ya tashi ya bi bango, ga kwalabe a jere suna sheƙi.

"Shi ke nan?" ta ce.

"Shi ke nan aikin."

Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Duka-duka koyarwar ba ta kai minti goma ba. Ta fito da kwalaben ɗaya bayan ɗaya ta jera a kan tire, hawaye na sauka a kan safar hannunta, sannan ta cire katin daga wuyanta ta tambayi Oga wane ofishi ake kaiwa.