Roba a Haƙorin Baffa Kuriachan

Turmin haƙori ɗaya ya rage wa Baffa Kuriachan, ƙanin mahaifina, da shi yake tauna rogo da kifi. Shi ne kuma ya ruɓe. Ya zo asibitina a garin Pala, na gama wanke ramin haƙorin, sai ya hango siririn tsinken da zan cike shi da shi.

"Mene ne wannan, Jincy?"

"Gutta-percha, Baffa. Ƙaron wani itace ne. Sinadarinsa ɗaya da roba."

Bakina ya ja min. Mutumin da ya tsufa yana tsaga itacen roba ya rufe baki gam.

"Roba a bakina? Na san warinta in ta kwana. Cire haƙorin kawai."

Raina ya ɓaci, don in na cire shi, shi da kunu ne har abada. Amma idonsa bai bar tsinken ba. Ya karɓa, ya ja, ya shinshina.

"Ba ya miƙewa. Ƙarya kike, ko makarantar da kika yi ce ta cuce mu?"

Na dunƙule hannuwana, na haɗa su, na sarƙe yatsu biyu.

"Roba doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin sinadarin kabon. A wasu gaɓoɓin ɗauri biyu ne, kamar haka. Juya min hannu ɗaya."

Ya gwada, ya kasa.

"To, duba manyan yatsuna. In duka suna sama, sarƙar ta fita gefe ɗaya ke nan, sai ta yi ta nannaɗewa, ka ja ta miƙe, ka saki ta koma. Robarka ke nan. In ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, sarƙar takan tafi sambal, ta kwanta jikin 'yan'uwanta, ta yi tauri."

"Ba a ƙara komai ba?"

"Ko ƙwaya ɗaya."

"Kuma wannan ba ya komawa waccan?"

"Sai an karya ɗaurin."

Ya daɗe yana jujjuya yatsunsa. Shi da mahaifina ciki ɗaya suka fito, amma faɗa suke kullum har Baba ya rasu bara.

"Ni ne robar," ya ce a hankali. "Kowa ya ja ni sai in bi. Ubanki kuwa wannan ne, taurin kai kamar me."

Ya miƙo min tsinken, ya kwantar da kai, ya buɗe baki.

"Sa min shi, 'yata. Wannan ba zai sake ni ba."

Sai da na goge idona kafin na iya ganin ramin.