Injin Da Ya Gaji Hannun Malam Usama

Shagona na faci yana jikin garejin Sahabi mai walda, a bakin titin da ya miƙe zuwa Ƙonni, don haka duk abin da ya ƙera kunnena ne yake fara shan wahalarsa. Amma injin shukar nan ban yi ƙorafi a kansa ba.

Ƙanwarsa Shahida ce ta sa shi aikin. Ta karanci aikin gona a Sakkwato, kuma wurin aikinta sun ba ta fili a Kalmalo don gonar gwaji. Abin da za ta shuka shi ne tsohon irin geron mahaifinsu, marigayi Malam Usama, gero mai jure fari da ya ɓace a hannun mutane. Duk abin da ya rage bai cika ƙwarya ba. In ya ƙare kafin fili ya cika, gwaji ya lalace, iri kuma ya bi mai shi.

Injin abin sha'awa ne: tayar babur a gaba, mariƙa biyu irin na baro, gwangwanin zuba iri, sai faifan ƙarfe mai huji da yake juyawa yana sakin ƙwaya. Ni na ba da tayar, saboda haka ina da ta cewa.

Ranar gwaji Shahida ta shimfiɗa dogon tamfol a bayan gareji, ta cika gwangwani da geron kasuwa. Sahabi ya tura, yana tafiyar ƙasaita. Gero ya riƙa sauka tsibi-tsibi a jere kamar sahun salla. 'Yan kabu-kabu suka kashe baburansu suna ta yabo. Ita kuwa sai ta durƙusa da tsinke a hannu tana bin tsibin ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama ta miƙe ta kakkaɓe hijabinta.

"Yaya, tazara ta yi daidai," in ji ta. "Amma bai ci ba."

"Mi ya hana shi ci?"

"Ƙwaya uku nika so kowane rami. Wanga shina zuba ya fi ashirin."

"To ai da gangan niy yi," in ji Sahabi. "Haka Baba ka shuka. Da rabon tsuntsu, da rabon ƙasa, saura na mai gona. Kin taɓa ganin Baba ya yi ma rami rowa?"

Ashe Sahabi ba kuskuren awo ya yi ba, hannun mahaifinsa ya ƙera da ƙarfe. Ni dai na so ta kawar da kai, don bai kamata a kayar da babban wa a gaban 'yan kallo ba. Shahida ba ta kawar ba, ba ta kuma ɗaga murya ba.

"Baba rumbu gare shi, Yaya. Ni ƙwarya guda gare ni. In injin ga ya yi kyauta awa tashi, ko rabin fili ba mu kaiwa."

Sahabi ya daɗe yana kallon tamfol. Sannan ya kwance faifan ya shige gareji.

Sabon faifan da ya yi, hujinsa ya matse har yana fasa ƙwaya. Ta sake kayar da shi. Na ce mata, "Injiniya, ke ko 'yar alfarma ba ki sani ba?" Ta yi dariya ta ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Gaskiya sun burge ni su biyun: ita ba ta sassauta don ɗan'uwanta ne ba, shi kuma da aka san shi da zuciyar tukunyar ƙarfe bai taɓa jefar da guduma ba. Kullum ga hadari yana leƙowa daga gabas, shi yana zaune yana goge bakin huji da zarto. A gwaji na uku ta bi tamfol daga farko har ƙarshe da tsinkenta, ta ɗago ta ce, "Yanzu kam ya ci."

Da ruwan shuka ya sauka na rufe shago na bi su Kalmalo. An kewaye filin da igiya. Shahida ta juye ƙwaryar a gwangwani da bisimilla. Sahabi ya tura, ita tana biye tana tona rami nan da can tana dubawa. Ni kuwa kowane layi aka juya sai in kasa kunne, ina jiran in ji faifai yana juyi wayam.

Aka kai ƙarshen layi na ƙarshe. Shahida ta buɗe gwangwani ta leƙa. Akwai ɗan saura a gindinsa, abin da bai wuce cikin tafi ba. Ta kama hannun yayanta ta juye masa.

"Ga shi, Yaya. Rabon tsuntsu."

Sahabi ya tsallake igiya ya watsa shi a bakin gona, irin watsin da tsohon yake yi. Ya daɗe a can bai juyo ba, mu kuma ba mu kira shi ba.