Kwalbar da Goggo Ta Canja

Shekarar da kwalara ta shigo unguwarmu ta New Bell a Douala na samu aiki da wasu masu bincike, kuma aikin ko yaro zai iya shi. Goggo Azumi, ƙanwar babana, za ta shiga gidaje ta koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari. Ni zan tsaya in gani, in rubuta ko ta yi yadda aka tsara: oui ko non, wato e ko a'a da Faransanci.

To, wa ya isa ya tsaya a kan Goggo da biro? Matar da ta yi mini wankan jego. Sai in zauna a ƙofar gida, ta fito in tambaye ta, "Goggo, an yi?" Ta ce, "An yi, 'yar nan." Gida arba'in da uku na rubuta wa oui ban ga ko ɗaya ba.

Ran Talata maƙwabciyarmu Lauratu ta shigo a guje da 'yarta Nana Aisha a kafaɗa, idon yarinyar ya faɗa.

"Fauziya, ina ta ba ta ruwan, sai ƙara lalacewa take!"

Na ɗanɗana, gishiri ya ƙone mini harshe. Na ce ta nuna mini ma'aunin ruwanta, ta ɗauko 'yar kwalbar lemo. Ta ce da ita Goggo ta koya mata. Waɗanda suka tsara aikin sun ce a auna ruwa da babbar kwalbar giya, don a Douala kowane gida akwai ta. Su a nasu lissafin ke nan, ba su taɓa shiga gidajenmu ba.

Na sa Lauratu a taksi zuwa asibiti, na nufi wajen Goggo, na tambaye ta dalilin canja kwalbar.

"Ni in shiga gidan malami irin Malam Hammadu da kwalbar giya?" in ji ta. "Kwalba ai kwalba ce."

"Goggo, rabinta ce! Ruwa rabi, gishiri cikakke!"

Ta zauna daɓas a kan turmi. Na ji haushinta, amma haushin kaina ya fi, don ni aka ɗauka saboda in ga irin wannan tun ranar farko.

A wayar bakin titi na kira shugabar aikin, na ce takarduna duk ƙarya ne. Ta ce, "Combien?" wato gida nawa. Na ce arba'in da uku. Ta ce kada in jira ta, in bi gidajen yanzu.

Na shiga mashaya da tsakar rana da hijabina, na roƙi kwalba. Goggo ta karɓe ta riƙe a fili, muna sauri tana ta istigfari. Muka bi jerin takardun daga farko.

Ta farko ta gidan Zainabu ce, bayan masallaci. Muna shan kwana muka ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofa, maza sun zauna shiru, takalma jere.

Na duba takardar gidan. Oui ne da rubutuna, na ma ja masa layi a ƙasa.